Mun duba albasa a maikiroskof ba mu ga kore ko ɗaya ba, ina matsalar take?

Malamar SS1

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa, da fatan an wuni lafiya.

Wannan ne zango na biyu da na fara koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati a yankin Kura, jihar Kano. Tun ranar Laraba wani abu ya tsaya mini a rai, shi ne na ce bari in kawo shi gaban waɗanda suka riga ni a aikin nan.

Makon jiya na yi wa 'yan SS1 darasin sel na tsiro, har muka zo kan filastid, wato ƙananan ƙwayoyin da ke cikin sel ɗin. Na rubuta musu a allo yadda yake a littafi: kulorofilas mai kore, wanda a cikinsa tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana, kuromofilas mai ja ko ruwan ɗorawa, da likofilas marar launi mai ajiyar sitaci ko mai. Suka kwafa, suka haddace. To ni har na gama sakandare ban taɓa leƙa maikiroskof ba sai da na shiga kwalejin ilimi, kuma na yi wa kaina alkawari ɗalibaina ba za su fita haka ba. Da kyar na samu mabuɗin kabad ɗin lab. Maikiroskof huɗu na tarar, biyu ne ke aiki, kuma irin masu madubi a ƙasa ne, ba masu ƙwan lantarki ba. Yara 63, firiyod biyu.

Albasa na kawo daga gida, tunda da ita kowa ke cewa a fara. Na zare siririyar yanar nan da ke manne a cikin kowane ɓari, na shimfiɗa ta a silaid, wato gilashin da ake ɗora abin da za a duba, na ɗiga ruwa da ɗan aidin, na rufe da siririn murfin gilashi. Alhamdu lillahi ta fito sarai: sel a jere kamar ginin bulo, kowanne da ɗan ɗigonsa ruwan ƙasa, wato nukiliyas. Yara suka yi layi, kowace ta leƙa ta koma ta zana.

Da na karɓi littattafan da yamma sai jikina ya yi sanyi. Fiye da arba'in daga cikinsu sun cika sel ɗin albasa da ƙananan ƙwallaye, wasu har sun shafa koren fensir, sun ja layi sun rubuta kulorofilas. Alhali babu wani kore a silaid ɗin, ni na shirya shi da hannuna. Hoton littafi suka zana. Yarinya ɗaya ce ta same ni bayan darasi ta ce, "Malama, ni ban ga koren ba, ko na'urar ce ta lalace?" Na ce mata zan dawo mata da amsa.

Zatona shi ne don kan albasa ba ya ganin rana ne, amma ina so in tabbatar kafin in faɗa wa yara. Sannan aidin ɗin bai mai da komai baƙi ba yadda yakan yi wa sitaci, ko ya lalace ne? Kwalbar ta daɗe a kabad. Bayan an tashi na gwada ganyen mangwaro, duhu kawai na gani. Na gwada fatar tumatir, na ga wani abu rawaya kamar raga, babu ƙwayoyi. Me zan kawo Laraba mai zuwa da yaran nan za su ga filastid iri ukun nan da idonsu, da abin da ake samu a kasuwarmu? Kuma murfin gilashi bai fi goma ya rage mini ba.

Baba Mai Lab

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka. Na yi shekara talatin da wani abu ina shirya wa ɗalibai firaktikal a Zariya kafin in yi ritaya, kuma wannan zanen koren albasa na gan shi ba adadi.

Na'urarki lafiyarta lau, yarinyar nan ce ta yi gaskiya. Yanar cikin albasa ba ta da kulorofilas. Kan albasa gindin ganye ne da ya kumbura ya zama rumbu, a lulluɓe, haske ba ya kai wa cikinsa. Aidin ɗinki ma kada ki zubar da shi tukuna. Albasa ba ta ajiye abincinta a sitaci, a nau'in sukari take ajiyewa, shi ya sa take zaƙi in an soya ta, shi ya sa kuma aidin ba ya yin baƙi a kanta. Ki ɗiga shi a kan tuwon shinkafa ko ɗan koko. In ya koma shuɗi mai duhu kamar tawada, yana nan da ransa. In ya mutu, ki sayi aidin na ciwo a kemis ki surka da ruwa har ya zama kalar shayi marar kauri.

Ki fara da dankalin turawa, don shi ba ya kunyata malami. Kada ki wahalar da kanki da yanka siriri. Ki raba shi biyu, ki kankari fuskar da bakin reza, ɗan farin ruwan da ya taru ki taɓa shi a ɗigon ruwa a kan silaid. Abin da ya kai kan allura ya isa. Ki bari su fara gani ba aidin: ƙwayoyi fes kamar ƙananan ƙwai, manya da ƙanana. Manyan sukan kai kashi ɗaya cikin goma na milimita, don haka ko da ƙaramin gilashin maikiroskof mai lamba 10 za su fito. In kin rage haske za ki ga zobba-zobba a jikinsu, suna kewaye wani ɗigo da ke can gefe ɗaya. Daga nan ki ɗiga aidin a bakin murfin, ki sa guntun tishu a ɗaya bakin ya ja ruwan. Yarinyar da ke leƙawa a lokacin za ta ga launin yana tafiya, ƙwayoyin suna rinewa ɗaya bayan ɗaya. In kina da rogo da shinkafa da aka jiƙa aka daka, ki yi musu su ma. Na shinkafa ƙanana ne ƙwarai masu kusurwa, na rogo matsakaita, zagayayyu, wasu kamar an datse musu gefe.

Tumatir kuma fatar ce ta ruɗe ki. Ki ɗage fatar, ki ɗauki ɗan naman da ke ƙarƙashinta da tsinken sakace, ki murje shi a ɗigon ruwa. Sel ɗinsa manya ne, a warwatse kamar balan-balan, kuma a cikinsu za ki ga jajayen ɗigo-ɗigo da 'yan tsinkaye. Su ne kuromofilas. Jan tattasai ya ma fi shi nunawa in kin iya yanka shi siriri. Nan ba a sa aidin.

Ganyen mangwaro ya yi kauri, haske ba zai ratsa shi ba. Maikiroskof irin namu abin da haske ya keta kaɗai yake nunawa. Ki koma wa albasar taki, amma ki ɗauko lawashi. Ki karya shi ki yage a karkace, za ki samu farar yana da ɗan koren nama a manne a bakinta. A iyakar nan, inda koren ya yi shara-shara, za ki sa ido. Kin ga tsiro ɗaya ke nan: sama kore, ƙasa babu. Wannan ya fi musu dogon bayani.

Sai kula da kayan aiki. Kada a fuskantar da madubin ga rana kai tsaye, yana iya illata ido. Ki ajiye teburin kusa da taga, madubin ya ɗauki hasken sararin sama, in lab ɗin da duhu fitilar waya ta wadatar. Akwai faifai ko ɗan hannu a ƙarƙashin inda ake ɗora silaid, shi ke rage haske. Yawancin masu cewa ba su ga komai ba, haske ne ya yi musu yawa ya wanke hoton. Ki fara da ƙaramin gilashi kullum, sai hoto ya tsaya ki juya zuwa mai lamba 40, kuma daga nan ƙaramin maɓallin daidaita hoto kaɗai za a taɓa, in ba haka ba murfin gilashinki goma ba za su kai ƙarshen darasi ba. Ki jingina murfin a gefen ɗigon ki sauke shi a hankali da allura. In kika sake shi daga sama iska za ta maƙale, yara su zana zagayen baƙin kumfa su ce sel ne. Ana wanke murfin a sake amfani da shi. Yanzu da ake hazo ki riƙa lulluɓe na'urar da leda, kuma kada a goge gilashin da gefen hijabi, ƙurar tana karce shi. A hure ta tukuna.

Mushe daga Tawa

Sallama gare ku duka. Baba ya gama magana, ƙari kaɗan zan yi.

Malama, kin ce kuna yankin Kura, ke nan ruwan noman rani yana kusa da ku. Ki samu gansakuka, amma ki zaɓa: wadda ke yawo a saman ruwa mai sanyin gudu, koriya shar, mai santsi a hannu kamar an shafa mata karkashi, in kin ɗaga ta tana bin yatsa kamar gashi. Sau da yawa wannan ita ce Sifirojaira. Zare biyu ko uku kawai za ki sa a silaid. Kulorofilas ɗinta ba ƙwallaye ba ne, ɗamara ce koriya da ta nannaɗe cikin sel kamar igiyar da aka murɗa. A lakwal ɗinmu duk shekara ita ce ke sa aji ya yi tsit. Ba ta son yanka, ba ta son rini. Sai dai ki ɗebo da kanki da ludayi ko gwangwani mai dogon hannu, kada ki aiki yara su shiga ruwan, saboda tsargiya.

Abu na biyu, tarko ne da na faɗa a ciki a shekarata ta farko. Albasarmu ta Galmi ja ce mai ruwan hoda, da na sa fatar wajenta sai sel suka fito da launi, na ce wa yara ga kuromofilas. Ashe ba haka ba ne. Launin jar albasa da na zoɓo narkakke ne a cikin babbar jakar ruwan da ke tsakiyar sel, shi ya sa za ki ga sel ɗin ya rinu gaba ɗaya sumul, babu ɗigo. Na tumatir da karas da tattasai kuwa a ƙulle yake cikin ƙwayoyi. 'Yan mata za su gane wannan da wuri in kin kai su madafa: zoɓo da ya ji ruwa yake sakin launinsa, amma karas ko an jiƙa shi ruwan ba ya zama ja. Kayan miya kuwa sai sun haɗu da mai, man ya taso ja a saman tukunya. Launin kuromofilas mai yake bi, ba ruwa ba.

Ɗalibar Botani

Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Baba, ku gafarce ni zan ɗan ƙara a kan maganarku, kada yara su fahimci cewa albasa ba ta da filastid sam. Tana da su, likofilas ne ƙanana marasa launi, da wuya a rarrabe su da irin na'urar makaranta. Haka kuma abin da ake gani a dankali ƙwayar sitacin ce. Amilofilas, wato likofilas mai ajiyar sitaci, shi ne jakar da ta ƙera ta kuma take lulluɓe da ita, fatarsa ta yi siririn da ba za a gan ta ba. In za su rubuta suna a zane, "ƙwayar sitaci" ya fi daidai. Sifirojaira ma a gaya musu alga ce, danginsu ɗaya da tsirran tudu amma ba ta da saiwa ko ganye, kada su rikice a jarrabawa.

Abin da na fi so ki nuna musu shi ne ukun nan ba baƙin juna ba ne. Dukansu daga ƙananan filastid na sel ɗin da ke ƙarshen tsiro, inda yake toho, suke fitowa, kuma ɗaya yana rikiɗa ya koma ɗaya. Tunda lokacin tumatir ne a wajenku, ki kawo ɗanye kore, da wanda ya fara nuna, da nunanne. A ɗanyen kulorofilas za su gani. Yayin nuna koren sinadarin kulorofil yana rushewa, jan sinadarin laikofin yana taruwa a cikin filastid ɗin nan dai. Dankalin turawa kuma in ya kwana biyu a haske yakan yi kore a ƙarƙashin fata, wato marar launi ya koma kulorofilas. Ki ajiye ɗaya a taga tun yau. Kada a ci shi, don tare da koren nan wani guba mai suna solanin yake ƙaruwa. Ko ki shuka wake a gwangwani biyu ki kife ɗaya da tukunya: zai fito dogo, rawaya, ba ƙwari, in kin buɗe shi ya ga haske cikin kwana ɗaya ko biyu ya fara kore.

Girman kulorofilas na ganye wajen maikiromita 5 ne, sai an jera kamar 200 su cika milimita ɗaya. Gilashin sama mai lamba 10 da na ƙasa mai lamba 40 suna ba da ninki 400, don haka zai bayyana kamar milimita 2, kusan ƙwayar gero. Ki faɗa musu wannan tun kafin su leƙa. Hoton littafi mai nuna faya-fayan ciki da maikiroskof na ilektiron aka samo shi, kada su tsaya nemansa.

In da mai son ƙarin labari a cikinsu: wani masanin tsirrai, Andreas Schimper, shi ya rarraba su ya raɗa musu sunaye a 1883, kuma ya lura cewa rabuwa biyu suke yi su yawaita, kamar bakteriya. A 1905 wani Barashe, Mereschkowsky, ya ce asalinsu bakteriya ne masu haɗa abinci da haske da suka zauna a cikin wani sel. Ba a ɗauki maganar da muhimmanci ba sai bayan da aka gano suna da DNA nasu na kansu, Lynn Margulis ta Amurka kuma ta sake tayar da ita a 1967. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. A cikinta akwai ragowar filastid wanda ba shi da kore, amma ba ta rayuwa sai da shi. A shekarun 1990 aka tabbatar da haka, kuma maganin doksisaikilin a kansa yake aiki.

Malamar SS1

Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto, don bai kamata in karɓi wannan alheri in yi shiru ba. Baba, Mushe, 'yar'uwa, Allah ya saka muku da mafificinsa.

Aidin yana da rai, koko ya tabbatar. Daren Talata na zauna na gwada komai ni kaɗai a lab har aka kira magariba. Na raba ajin gida biyu, rabi Laraba, rabi na roƙi firiyod ɗin wani malami ranar Alhamis. Kafin a fara na mayar musu da littattafansu, ban ja wa kowa jan biro ba. Na kira yarinyar nan na ce ta maimaita abin da ta faɗa mini. Ta faɗa a hankali tana kallon ƙasa. Na ce musu ita ta yi daidai, kuma daga yau dokar lab ɗaya ce: abin da ido ya gani shi hannu zai zana, in ba a ga komai ba a rubuta ba a gani ba, zan ba da maki a kan haka. Na karɓe littafin karatu daga kan tebur har aka gama.

Dankali ya yi yadda Baba ya faɗa. Wata da ke leƙawa lokacin da aidin ya iso sai da ta ɗaga kai ta duba silaid ɗin da ido, ta sake komawa. Tumatir uku na jera. Da yawansu 'ya'yan manoman tumatir ne, kullum suna ganin kwanduna a bakin titi, kuma wata ta tambaye ni ko shi ya sa wanda aka tsinka ɗanye yake nuna a cikin kwando ba tare da yana jikin uwarsa ba. Na ce e, sel ɗinsa suna da rai, rikiɗar tana ci gaba. Gansakuka ta farko da na ɗebo ba ta yi ba, zare ne kore amma babu murɗi. Na koma wani wuri da ruwan ya kwanta na samu mai santsin. Mushe, gaskiyarka, tsit suka yi. Na ɗora kyamarar wayata a gilashin sama na ɗauki hoto, masu jiran layi suna kallo a waya kafin nasu ya zo, hakan ya rage turereniya.

Lawashi ne ya ba ni wahala. Yawanci koren ya yi kauri, sai a silaid na huɗu na samu gefen da ƙwayoyin suka fito ɗaiɗai. Zanen wannan karon bai kai na farko kyau ba, wasu karkatattu ne, amma ba biyu da suka yi kama da juna, kuma na gane silaid ɗina a cikinsu. Murfi uku suka fashe.

Saura tambaya ɗaya. Na karanta cewa ana ganin kulorofilas suna zagaya cikin sel. Mun zuba ido a gansakuka ba abin da ya motsa. Ko ta mutu ne kafin in kawo ta?

Baba Mai Lab

Madalla 'yata, haka ake so. Ba ta mutu ba, ɗamarar Sifirojaira ba ta zagayawa. Wanda kika karanta a ganyen ciyawar da ke nutse cikin ruwa ake ganinsa, irin su Elodiya da Haidirila, masu ganye shara-shara da kaurinsa bai wuce sel biyu ba. In kin ga irinta a ruwanku, ki tsinki ɗan ganye na kusa da kai ki sa shi ɗungurungum.

In ba ki samu ba, albasarki za ta nuna miki motsin, sai dai ba kore. Sabuwar yana, ruwa zalla, kada aidin ya kusance ta don yana kashe sel. Gilashi mai lamba 40, ki rage haske sosai, ki dubi gefen bango da kewayen nukiliyas. Za ki ga 'yan ƙananan ɗigo suna bin juna a layi kamar tururuwa. Da sanyin safiyar nan ba sa sauri, don haka ki bar silaid ɗin ya ɗan ji ɗumi kamar minti goma, ki riƙa ƙara ruwa a bakin murfin kada ya bushe. Dankalin taga kuma ki ba shi mako biyu, sannan ki kankari daidai ƙarƙashin fatar inda ya yi kore.